Ciwon da Kamus Ya Fassara

A danginsu ba a zuwa asibiti sai da Kamus. Ba wanda ya kafa dokar, haka dai aka saba: duk wanda jiki ya matsa masa, kafin ya nemi mota sai ya nemi Kamus. Shi kuma sai ya goge gilashinsa, ya soka biro biyu a aljihun gaba, ya wuce gaba kamar asibitin nasa ne.

Ba likita ba ne. Ko kaza bai taɓa yi wa allura ba, in kuwa ya ga jini sai ya nemi wurin zama. Aikin da ya yi har ya yi ritaya shi ne fassara, a wata maɗaba'a da ke buga 'yan takardun wayar da kai kan lafiya, irin waɗanda ake rabawa a asibiti mutane su yi fifita da su. Ana kawo masa su da Turanci, ya mayar da su Hausa. A nan ya haddace sunayen cututtuka. Ya san hanta da ƙoda da saifa da Turanci, ya san sunan likitan ido da na ƙashi, kuma yana faɗarsu a hankali, yana jin daɗinsu a baki. Yayansa, wani tsohon kafinta mai babbar murya, shi ya laƙaba masa Kamus don tsokana. Shi kuwa ya karɓa a matsayin lambar yabo.

Da yawa daga likitocin babban asibitin garin ba sa jin Hausa, don haka aikinsa ba na ado ba ne. Yana kuma da ƙa'ida, wadda ya samo a wani taron horarwa yake ta maimaita ta tun daga lokacin: tafinta bakin marar lafiya ne, ba ya ƙarawa, ba ya ragewa, kuma in marar lafiya ya ce "ni", shi ma "ni" zai ce. Ta haka Kamus, da furfurarsa da gemunsa, ya taɓa shaida wa likita cewa cikinsa ya tsufa kuma ƙafafunsa na kumbura. Ya taɓa cewa nononsa ya ɗauke. Fuskarsa ko motsi ba ta yi ba. Nas ɗin da ke ɗakin ce ta fita waje da gudu, dariya na cin ta.

Abin da ba ya iya haƙuri da shi, shi ne yadda dangi ke wasa da kalmomin. A wurinsu duk ciwon ciki olsa ne, duk zazzaɓin da ya kwana biyu taifot ne, duk abin da ake jin kunyar faɗa kuma infekshan.

"Olsa gyambo ce," yakan ce wa ƙanwarsa a kan bencin jira. "Gyambo a cikin tumbi. Wa ya leƙa miki ya gani?"

"To ai haka kowa ke cewa, Yaya Kamus."

"Kowa ba likita ba ne. Ba a zuwa wa likita da suna a hannu. Ke ki faɗi abin da kike ji, shi ya raɗa suna."

Wannan jumla ta ƙarshe yana ji da ita. Ya taɓa tunanin a buga ta a jikin bango.

Nasa ciwon a matakala ya fara. Su a bene suke, shi da matarsa, a hawa na sama, inda suka koma bayan yara sun watse saboda ya ce iska ta fi kyau. Wata rana yana hawa da ledar burodi a hannu, sai ya ji wani nauyi a tsakiyar ƙirji, kamar wani ya zauna masa. Ya tsaya inda matakalar ta yi kwana. Jim kaɗan abin ya sake shi. Bayan 'yan kwanaki ya dawo, a daidai wurin, wannan karon har da wani tsami da ya gangara hannun hagu.

Kamus bai ɓata lokaci ba, ya raɗa masa suna. Bai ce olsa ba, olsa ta kowa ce. Gastritis ya ce, wato kumburin bangon tumbi, kalma mai tsabta da ba ta kashe mutum. Ya je kemis ya sayi farin maganin nan mai kauri, ya ajiye a kan firji, yana kurɓa bayan cin abinci da kuma duk lokacin da ya hau bene.

Ya san akwai wata kalmar. Takardar da ke bayaninta shi ya fassara ta, har sun yi gardama da edita kan yadda za a faɗe ta da Hausa. Yana tuna zanen da ke bangonta: wani dattijo mai tumbi, tsaye a matakala, hannu dafe da ƙirji. A lokacin har ya ce mai zanen ya cika wa mutumin tumbi. Duk sanda kalmar ta leƙo, sai ya tura ta baya ya ƙara kurɓar farin magani. Mutumin da ya san sunaye da yawa yana da wannan gata: yana iya zaɓar wanda ya yi masa daɗi.

Don kada maƙwabta su ga yana hutawa a matakala kamar tsoho, sai ya ƙirƙiro dabara. Da ya iso kwanar zai ciro waya, ya haɗe gira, ya yi kamar wani muhimmin saƙo ne ya tsayar da shi.

"Malam, wai wa ke aiko maka saƙo kullum a kwanar bene?" matarsa ta tambaye shi wata safiya, tana zuba masa shayi.

"Mutane, Hajiya. Ina da mutane."

"Ikon Allah. Kuma ba sa aikowa sai ka iso nan. Jiya na leƙo ta taga, wayar ma a kashe take."

"Gastritis ne ke ɗan taso min. Na gaya miki."

"Ka gaya min. Shi wannan gas ɗin, a hannu yake zama? Na ga kana murza hannu."

"Ba gas ba. Gastritis. Kalma ɗaya ce."

"To, kalma ɗaya, mu je asibiti a duba ta."

"Wa zai raka ni? Ni ne mai rakiya."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ɗauke kofin tun bai gama sha ba.

Ta haɗa shi da autarsu a waya. Yarinyar ta fara da lallashi, ta koma kuka, shi kuma ya yi mata ruwan Turanci, ya bayyana mata bangon tumbi daki-daki har ta ce, "To Baba, Allah ya sawwaƙe," ta ajiye. Ya ji daɗin nasarar har zuwa la'asar, sanda ya sauka sayen batir ya dawo. Ranar ya daɗe a kwanar bene yana karanta saƙon da ba a aiko ba.

Washegari Hajiya ta yafa mayafi ta ce za ta je gaida Yaya. Gidan Yaya a can ƙarshen unguwa yake, gidan ƙasa mai faɗin tsakar gida, inda har yanzu yake ɗan taɓa katako in hannu ya yi masa ƙaiƙayi. Ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo ba ta ce komai ba sai "Yana gaishe ka."

Da yamma sai ga wayar Yaya.

"Kamus! Gobe ka raka ni asibiti."

"Kai, Yaya? Asibiti?"

"Ni fa. Ko Turancin ya ƙare?"

"Me ke damunka?"

"Ba kai ka ce likita ake gaya wa ba? Ka zo da birukan nan naka."

Kamus ya ajiye wayar yana murmushi. Ya damu, ba a ce bai damu ba, amma a ƙarƙashin damuwar akwai wani daɗi da ba zai iya musu ba. Yaya bai taɓa kwanciya ciwo ba. Yana kiran asibiti gidan jira, yana kiran Turancin ƙaninsa kukan agwagwa. Yau ga shi ya zo hannu. Kamus ya sa Hajiya ta goge masa farar riga. Ta goge, har da feshin turare.

A asibitin suka tarar lif ya lalace, an jingina masa tsintsiya da bokiti. Ɗakin ganin likita kuma a sama yake. Yaya ya kama matakala yana taka ta bibbiyu, yana sukar wanda ya yi ƙarfen dafawa. Kamus na biye. A kwana ta farko ya daure. A ta biyu mutumin nan ya zo ya zauna masa a ƙirji, ya miƙe ƙafafu. Kamus ya ciro waya.

Yaya ya leƙo daga sama. "An aiko?"

"Wani ɗan saƙo ne."

"Karanta a hankali. Ba sauri muke ba."

"Kai dai ga marar lafiya da hawan bene," Kamus ya ce, da numfashi ya dawo.

"Ciwon nawa mai kunya ne, ba ya fitowa a gaban mutane. Taho."

A kan benci suka zauna kusa da wata mata da ke ba maƙwabciyarta labarin taifot ɗinta, wanda ta ce ya shekara yana zuwa yana komawa. Kamus ya buɗe baki zai gyara mata, ya ji bai da isasshiyar iskar yin haka, ya rufe. Wannan ne karo na farko da taifot ya wuce ta gabansa lafiya.

Likitar matashiya ce, siririya, da abin awo rataye a wuya. Hausarta ba ta wuce "sannu" ba, ta kuwa kashe ta a kan Yaya tun daga ƙofa. Kamus ya gabatar da kansa, ya bayyana mata ƙa'idarsa, ya ja kujerarsa ɗan baya kaɗan, inda tafinta ya kamata ya zauna. Ta ce madalla, ta tambayi abin da ya kawo su.

Yaya ya gyara zama, ya kalli silin kamar ɗalibin da zai ba da hadda.

"Ce mata in na hau bene, sai in ji kamar wani ya zauna min a nan." Ya dafa tsakiyar ƙirji.

Kamus ya juya shi zuwa Turanci: in na hau bene, ina jin nauyi a tsakiyar ƙirjina. Ya zaɓi kalmomin da kyau. Likitar ta rubuta.

"In na tsaya sai ya sake ni."

Ya faɗa. Ta tambaya ko ciwon na tafiya wani wuri.

"Hannun hagu," in ji Yaya. "Wani lokaci har muƙamuƙi. Ina kuma yin gumi, ko da ana sanyi."

Kamus ya fassara, amma bakinsa ne kawai ke aiki. Idonsa na kan yayansa. Kalmar da ya yi ta turawa baya ta fito tsaf, ba ta ko nemi izini ba. A jikin wani ba ta da wahalar gani. Irin nasa ne, ya lura, sai dai nasa gastritis ne. Wannan kuwa a fili yake.

"Yaya, tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"An kwana biyu! Kana zaune da wannan a gida kana fiƙe katako? Ka san mene ne wannan?"

"Olsa ce, ina ji."

"Olsa! Wace irin olsa ce ke hawa bene? Zuciya ce, Yaya! Jini ne ba ya isarta. Mutum na tafe sai ya faɗi, shi ke nan. Da girmanka da hankalinka!"

Ya juya ga likitar, ya karya ƙa'idarsa da hannunsa. Ya ce mata a ganinsa wannan angina ce, kuma a duba dattijon nan yau, ba gobe ba. Ya faɗi kalmar da kyau, yadda ake faɗarta. Likitar ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce ita ma tunaninta ya tafi can, amma a bar marar lafiya ya gama. Ta tambaya ko yana shan wani magani.

"Wani fari mai kauri," Yaya ya ce. "Na kemis. Yana kan firji."

Kamus ya fassara, a ɗan sanyaye.

"Ba ya yi min komai, amma ina sha. Ce mata kuma in na iso kwanar bene, sai in ciro waya in yi kamar ina karanta saƙo."

Fanka na juyawa a sama tana ƙara. Sai a lokacin Kamus ya tuna abin da ya sani tun yana saurayi: gidan Yaya ko dakali mai tsawo babu, balle bene. Firjinsa kuma ya mutu tun bara, kusoshi yake ajiyewa a ciki.

"Yaya," ya ce a hankali, "gidanka ba bene."

"Yanzu ka sani? Fassara mata."

"Wannan ba wasa ba ne. Muna ɓata wa likita lokaci."

"Wa ke wasa? Ba kai ka ce tafinta ba ya ragewa ba? Ko dokar ta masu ciki ce kawai?"

Likitar ta tambayi me dattijon ya ce. Tana riƙe da biro, tana jira. Kamus ya duba ƙofa. Ba nisa, amma bayanta akwai matakala, kuma ko sauka ce sai ya nemi Yaya ya jira shi. Ya cire gilashi, ya goge, ya mayar. Sannan ya gaya mata, da Turanci mai kyau, cewa in ya iso kwanar bene yakan ciro waya ya yi kamar yana karanta saƙo. Ta ɗan yi murmushi ta rubuta wani abu.

Yaya bai gama ba. Ya daina kallon silin, muryarsa ta sauka.

"Ce mata matata ba ta barci. Kwana take tana sauraren numfashina."

Wannan kam, Kamus bai sani ba. Shi a zatonsa zafi ne ke hana ta barci, har ya yi mata bayanin kalmar Turanci ta rashin barci, da inda ta samo asali. Ya zauna yana kallon biron da ke hannun likitar. Jumlar ba ta da kalma mai wuya ko ɗaya. Ya daɗe kafin ya iya fitar da ita.

Likitar ta miƙe, ta sa abin awon a kunne, ta nufi Yaya. Yaya ya ɗaga hannu ya tare ta, cikin ladabi, kamar mai tsayar da mota.

"Ce mata kada ta wahalar da kanta. Ni lafiyata ƙalau. Ciwona ɗaya ne, ƙani gare ni mai taurin kai, ya san sunan komai."

Kamus ya fassara wannan ma. Bai rage taurin kan ba. Ya ma sama masa kalmar da ta fi ta Hausar zafi, don aiki aiki ne.

Likitar ta tsaya tsakaninsu. Ta dubi Yaya, wanda ke zaune daram kamar turmi. Ta dubi tafinta, da gumi a goshi da hannun dama riƙe da na hagu. Ta tambaya, a cikinsu wane ne marar lafiyar.

Yaya bai ji Turancin ba, amma ya gane tambayar. Ya naɗe hannu ya koma kallon fanka.

"Ni ne," in ji Kamus.

Ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta ce su canza kujera. Ta sake yin tambayoyin tun daga farko, ya amsa ba tare da ya jira kowa ba. Da ta zo kan abin da yake zaton yana damunsa, ya ce da ya ɗauka gastritis ne. Ta ce mutane da yawa kan yi wannan zaton. Mutane da yawa. Ya haɗiye wannan ma. Ta saurari ƙirjinsa, ta auna jini, ta ce abin da ya kwatanta ya yi kama da kalmar da ya faɗa ɗazu, sai dai ba za ta tabbatar ba sai an yi gwaji. Za a fara da awon bugun zuciya yanzu, za ta rubuta magani, kuma gara da ya zo da ƙafarsa.

"Me ta ce?" Yaya ya tambaya.

Kamus ya ji tsohuwar kalmarsa ta taso masa har maƙogwaro, mai tsabta, mai sauƙi. Ya bar ta ta koma.

"Ta ce wataƙila hanyoyin da ke kai wa zuciya jini ne suka tsuke. Za a gwada. Ta ce gara da aka zo."

"Aka zo, ko aka kawo ka?"

"Aka kawo ni, Yaya."

Nas ta kai shi bayan labule, ta sa ya cire farar rigar, da birukan da komai, ya kwanta a wani siririn gado. Ta manna masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, masu sanyi. Ita tana jin Hausa.

"Baba, ka saki jikinka. Kada ka motsa, kada ka yi magana sai na ce."

A bayan labulen Yaya ya kira Hajiya. Da yake bai taɓa yarda cewa waya na kai murya da kanta ba, duk wanda ke hawan benen na jin sa.

"Ƙanwata! An kama shi. Yana kwance, sun sa masa wayoyi kamar rediyo. E, duk na faɗa, ban manta ko ɗaya ba, har na firjin. Ki daina kuka mana, likita ta ce gara da aka zo. Sunan ciwon? Ya faɗa da bakinsa, wani abu wai shi Anjana. Ke dai olsa ce, amma ta zuciya. Haka za ki gaya wa Auta."

Kamus ya ɗago kai daga matashi. Ya buɗe baki.

"Baba," in ji nas, ba tare da ta ɗauke ido daga na'urar ba. "Na ce kada ka yi magana."

Ya mayar da kai. Yana kwance yana kallon silin, yana jin Yaya ya kira ƙanwarsu, daga ita sai surukinsa, olsar zuciya na bin dangi gida-gida, na'urar kuma na ta zana layinta a kan takarda.